Tabon Kaskon Goggo Achta

Tun da Zenaba ta ga Goggo Achta ta yi sallama da hantsi, ta sha lafaya ruwan ƙasa tana baza ƙamshi, kuma ba ta fara da faɗa ba, ta san da magana a ƙasa. Goggo yayar babanta ce. A iya sanin Zenaba ba ta taɓa shigowa gidan nan ta rasa abin kushewa ba, ko da tsintsiya ce aka jingine a karkace. Yau kuwa har da dariya.

"Zenaba 'yar albarka, ajiye ƙullin nan ki wanke hannu. Rakiya za ki yi mini."

"Ina za mu, Goggo? Gaton biki ne, kek ɗin amarya, da la'asar za a zo karɓa."

"Gato ba ya gudu. Gidan Brahim za mu leƙa, an gama fenti, saura kantar kicin, teburin da ake girki a kai. Ya ce shi bai san kan abin mata ba, wai akwai fomika, akwai wani abu rezin. Ke da kike wuni kina murza fulawa a kan tebur ai ke kika fi sanin mai kyau. Ki duba ki ce wannan ko wancan, shi ke nan mu dawo."

Shi ke nan, in ji Goggo.

Zenaba ta sunkuyar da kai tana kankare ƙullin da ya manne mata a yatsu. Ita ba yarinya ba ce, ta haura ashirin da biyar, ta san yadda ake tambayar 'ya mace a gidansu. Ba wanda zai zaunar da ita ya ce kina son wane? Kunya ba za ta bari a tambaya ba, ba za ta bari a amsa ba. Sai dai a ce zo ki zaɓi launin labule. In kika zaɓa an gama, kafin magariba magana ta zaga dangi daga Garwa har Kuseri cewa kin amince. Da kujerun falo aka tambayi yayarta, ta nuna masu ruwan toka, bayan wata biyu aka kai ta ɗaki.

Babanta, Alhaji Youssouf, ya sha faɗa a gaban kowa cewa shi ba zai yi wa 'yarsa dole ba, kuma mutum ne mai riƙe maganarsa. Sai dai da bakin nan nasa ya ce ba zai ba Abdelkerim ita ba. Abdelkerim kafinta ne a unguwar Rumde Ajiya. Mahaifinsa Musulmi ne, ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa kuwa, Léontine, mutuniyar duwatsun Mora ce, har gobe ran Lahadi coci take zuwa. Laifinsa ke nan, ba wani.

Abin da ya fi ci wa Zenaba rai ba ƙin Baba ba ne. Shirun Abdelkerim ne. Tun bayan Sallar Layya ya ɗauke ƙafa, ya ɗauke waya. Ta kira har ta ji kunyar kanta. Ba faɗa suka yi ba, bai ce ya fasa ba, kawai ya ɓace kamar wanda bai taɓa saninta ba. Da za a ce mata ga dalili, ko mai ɗaci ne, da ta haɗiye ta huta.

Har ta buɗe baki za ta ce kanta ke ciwo, Goggo ta ƙara da cewa, "Yi sauri, kafintan na can yana jira. Wai da ƙyar Brahim ya samo wanda ya iya haɗa rezin ɗin nan."

Hannun Zenaba ya tsaya cak a cikin ruwa.

Kafintoci a Garwa sun fi a ƙirga. Amma mai aikin rezin, ita Abdelkerim kaɗai ta sani, don shi ya taɓa cika mata kunne da labarinsa lokacin da ya dawo daga koyon aikin a Duwala. Anya? Shi zai karɓi aikin gidan da ake shirin kai ta? In shi ne, da wace fuska? In kuma shi ne, Brahim ya san wanda ya ɗauka?

Ciwon kan ya warke nan take. Ta ɗauko mayafi.

* * *

Gidan yana bayan gari, inda sababbin gine-gine ke ta tsirowa. Brahim ne ya tuƙa su da kansa. Ɗan aminin Baba ne, yana da manyan motoci da ke jigilar shinkafa daga Yagwa, dogo, mai yawan dariya, ba ya gama jimla bai soka mata Faransanci ba. Gaskiya ba shi da makusa, kuma wannan ma wani abin haushi ne, don mutum ya fi sauƙin ƙi in yana da mugun hali. Yau dai dariyar tasa ta yi ƙaranci. Duk lokacin da Zenaba ta ɗaga kai sai ta kama idonsa a madubi.

Goggo ba ta lura da komai ba, hankalinta na kan kaskonta. Wani kaskon ƙarfe ne mai faffaɗan gindi, ta rungume shi a cinya tare da kwalbar turaren wuta. A wurin Goggo, shiga sabon gida ba hayaƙi kamar cin tuwo ne ba miya. Ta sa Brahim ya tsaya wurin mai shayi a bakin layi aka cika mata kaskon da garwashi jajir.

Tun daga ƙofa ta barbaɗa turare. Ta bi falo, ta bi ɗakuna, tana addu'a tana kushe magina. Zenaba na biye da ita.

Kicin ne na ƙarshe.

Kafintan na durƙushe ya ba su baya, yana ɗaure marfin kabad. Ba ta bukaci ya juyo ba. Fensirin da ke maƙale a bayan kunnensa ma ya ishe ta. Da ya miƙe ya juyo, sai ta ga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wani abu ya taso mata, rabinsa tausayi rabinsa haushi.

Ya russuna ya gai da Goggo. Ya ce wa Zenaba, "Sannu da zuwa, Hajiya," idonsa a ƙasa.

Hajiya! Ta ji kamar ta kwashe shi da mari.

"Voilà," in ji Brahim yana shafa hannu. "Malam, yi wa uwargida bayani. Ni duk wanda ta ce shi ne."

A saman kabad ɗin an shimfiɗa alluna biyu manya. Na hagu mai zanen marmara ne, baƙi da jijiyoyin zinariya, yana ta ƙyalli. Na dama fari ne sol, ba ƙyalli, kamar madarar da ta daskare.

Abdelkerim ya ɗauko wani ɗan guntu ya nuna gefensa. "Wannan fomika ce. Kin ga fatar sama, ba ta fi kaurin farce ba, an manna ta da gam a kan allon dussar katako. Tana da launi iri-iri, ba ta da tsada, kuma in an kula da ita tana daɗewa. Abokin gabanta ruwa ne. In ya sami hanya ta bakin wurin wanke-wanke, allon sai ya kumbura kamar burodi. Zafin garin nan ma wani lokaci yakan ɗaga gam ɗin a gefe."

Zenaba ta yi niyyar ba za ta tanka ba. Amma bakinta ya riga ta. "Wannan farin fa? Me ke cikinsa?"

"Abin da ke samansa shi ne a cikinsa. Ko ina kika yanka, haka za ki gani."

"Ina mahaɗinsa? Ai na ga ya yi kwana."

"Nemo shi."

Ta sa tafin hannu ta bi allon har kusurwa. Sanyi, santsi, ba ko tsaga. Ta sake bi, ta duƙa ta kalla ta gefe. Duk da halin da take ciki sai da abin ya ba ta mamaki, har ta fara raya yadda ƙullin fulawa zai miƙe a kansa ba wani rami da zai maƙale.

"Wuƙa fa?"

"Tana yi masa zane. Ya fi fomika saurin nuna zane ma. Sai dai shi ana gogewa."

"Ka ji ko?" Brahim ya yi dariya. "Na ce maka sai ta tambaye ka har ka gaji. Bon, Abdelkerim, ci gaba."

Goggo, wadda ke zagaya kicin ɗin da kasko tana kaɗa hayaƙi cikin kabad, ta tsaya.

"Wa ka ce?"

"Abdelkerim, Goggo. Na Rumde Ajiya."

Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. A gida "yaron nan" ake ce masa, ko "ɗan matar nan". Ta dube shi, ta dubi Zenaba, ta dubi Brahim. Don ta sami hannun riƙe ƙugu sai ta dire kaskon a kan farin allon, kamar yadda take dire shi a dakalin simintin gidanta.

"Kai ne ɗan Léontine?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kai kuma Brahim, da hankalinka ka ɗauko shi? Ka sa na jawo yarinya da hannuna na kawo ta gabansa? In ubanta ya ji, ni za a ce na haɗa! Ni Achta, da girmana!"

"Hajiya, kaskon..." in ji Abdelkerim.

"Rufe mini baki ina magana! Kai ba ka da ta ido ne? An ce ka bar yarinya, ka bar ta mana. Garin nan gidaje nawa ake ginawa, sai wannan?"

"Hajiya, don Allah, kaskon."

Bai tsaya neman izini ba kuma. Ya naɗe hannu da tsumma ya sure kaskon ya ajiye a ƙasa. Sai a lokacin kowa ya ji ƙamshin ya sauya, wani ƙauri ya shiga cikin turaren. A tsakiyar farin allon ga da'ira nan ruwan ƙasa, gefenta ya yi duhu, daidai faɗin gindin kasko.

Kowa ya zuba wa da'irar ido.

Goggo ta kai yatsa ta taɓa, ta janye da sauri. "Innalillahi. Ashe ba dutse ba ne?"

"Kama yake da dutse, Hajiya. Garin dutse ne aka kwaɓa da roba. Ba ya son wuta. Fomikar ma ba ta so."

"To me ya sa yake da sanyi kamar dutse? Wannan ai yaudara ce!" Muryarta ta yi ƙasa, faɗan ya zube. Duk wanda ya san Goggo ya san ba abin da ta tsana kamar a ce ta yi ɓarna a gidan mutane. Ta dubi Brahim a kunyace. "Ɗana, da tsada ko?"

Brahim ya dubi tabon. Allon shi kaɗai ne, a motarsa aka ɗauko shi tun daga Duwala. Amma ya yi murmushi. "Ba komai, Goggo. Malam, yana gyaruwa?"

"Bai shiga ciki sosai ba. Zan goge shi da samfefa, takardar gugar katako. Sai dai akwai ƙura, gara Hajiya ta koma falo kada ta sa ta tari."

"Zenaba, wuce mu je."

"Bar ta, Goggo," in ji Brahim. "Ita ce mai zaɓi, ya kamata ta ga yadda ake gyaran. Ƙofa ai a buɗe take."

Goggo ta buɗe baki, ta tuna da tabon, ta rufe. Ta ɗauki kaskonta ta fita sumui-sumui. Brahim ya bi bayanta.

* * *

Na ɗan lokaci ba abin da ake ji sai ƙarar samfefa. Farar ƙura na taruwa a yatsunsa. Zenaba ta jingina da bango ta harɗe hannu, ta rantse a ranta ba ita za ta fara magana ba.

Ita ta fara.

"Hajiya ko? Yau ni ce Hajiya?"

Bai ɗago ba.

"Abdelkerim, me na yi maka? Ka gaya mini laifina in sani. Na kira ka har na daina ƙirgawa. Na yi zaton ciwo kake, na yi zaton ka sami wata, har na yi zaton ka mutu an ɓoye mini. Ashe kana nan lafiya lau kana auna kicin ɗin da za a kawo ni!"

Hawayen da ta yi wata da watanni tana ɓoyewa a filo suka ɓalle. Ta sa gefen mayafi ta toshe baki don kada a ji a falo.

Samfefar ta tsaya.

"Babanki ya zo shagona," ya ce a hankali. "Da kansa, ba aike ba. Ya zauna a kan bencin da ban gama gogewa ba, ya sha shayina. Wallahi bai zage ni ba. Ya ce ya bincika, ba wanda ya faɗi mugun abu a kaina. Ya ce zai ba ni ke."

Ta sauke mayafin. "Zai ba ka ni?"

"Da sharaɗi ɗaya. In mai da Mama Mora kafin a ɗaura aure. Ya ce ba ya so jikokinsa su tashi a gidan da aka rataye gicciye a bango."

"Sai ka ce me?"

"Na ce masa ƙauyenmu ba kowa, tun da aka kai hari mutane suka watse. Kuma ko da akwai, Zenaba, matar nan ita ta riƙa kai ni wurin malam da hannunta har na sauke Alƙur'ani. Ita ke tashina sahur, alhali ita ba ta azumi. Ba zan kore ta don in yi aure ba. Ko aurenki ne."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya koma gugar allon da ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

"Sai ya ce to in sakar masa 'ya. Ya sa na yi alkawari ba zan kira ki ba, ba zan neme ki ba."

"Kai kuma ka yi."

"Babanki ne."

"Ni fa? Ku biyu kuka zauna a kan benci kuka sha shayi kuka yanke, ni ko a gaya mini? Shi bai faɗa mini ba, kai ba ka faɗa mini ba. Wa ya ce muku ni ba zan iya zama da ita ba? Wa ya tambaye ni?"

"In na gaya miki, na haɗa ki faɗa da mahaifinki."

"Da ka bar ni ina kuka ban san abin da nake yi wa kuka ba fa? Wannan shi ne sauƙin?"

Ya ci gaba da gugar allon. Ta share fuska. Haushin na nan, amma wani nauyi da ya daɗe a ƙirjinta ya sauka, tun da dai ba gajiya ya yi da ita ba.

"To me ya sa ka karɓi aikin nan?"

"Da farko na ƙi. Sai Brahim ya ce matar gidan za ta zo ta zaɓa da kanta." Ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun shigowarta. "Ban neme ki ba, kawo ki aka yi. Na so in ji da kunnena. In kin zaɓa, zan yi miki kantar da ban taɓa yi wa kowa irinta ba, in tattara kayan aikina, shi ke nan."

Kowa da nasa shi ke nan a yau.

Zenaba ta matso ta tsaya a ɗaya gefen allon. Da'irar ta fara dusashewa, ta koma kamar tabon shayi a farin zane. Wata tambaya ta taso mata wadda, abin kunya, ba ta taɓa yi ba duk tsawon zamansu. Kullum gudun zancen take, shi ma haka.

"Wace irin mace ce?"

"Wa?"

"Mamanka."

Ya dube ta da mamaki. "Gajeriya ce. Tana da faɗa, amma da kaji take yi. Tattasai da albasa take sayarwa a kasuwa."

"Ta san da ni?"

"Wa kike tsammani ke cinye gaton da kike ba ni? Ta ce sukarinki ya cika yawa, amma ba ta taɓa ragewa ba."

Dariya ta kufce wa Zenaba a tsakiyar kuka. "Ita wace kanta ka yi mata? Fomika ko rezin?"

"Ta ƙi. Ta ce ita ba soja ba ce da za ta yi girki a tsaye. Kujerarta 'yar tsugunno da murhunta sun ishe ta."

"Ta san abin da Baba ya nema?"

Fuskarsa ta sauya. "A'a. In ta ji, ba za ta yi shawara da kowa ba, za ta ƙulle kayanta ta hau motar Mora. Shi ya sa na rufe bakina da kowa, har da ke."

"Malam, ya aikin?"

Brahim ne a bakin ƙofa. Daga yadda ya tsaya, ya daɗe a wurin. Goggo na bayansa, kasko a hannu, garwashin ya fara mutuwa.

Zenaba ta juya ta fuskance shi. "Hamma Brahim, ka san ko shi wane ne lokacin da ka ɗauke shi?"

"Na sani."

"To don me?"

Ya shigo yana juya makullin mota a yatsa. Ba dariya a fuskarsa, sai ya zama kamar wani mutum dabam. "Baba Alhaji ya ce mini maganarku ta mutu. Goggo ta ce ta mutu. Ni kuwa ba na ɗora kaya a mota sai na buɗe buhu na gani da idona."

"Ka gani?"

"Na gani." Ya ja numfashi. "Amma ban janye ba, Zenaba. Ba don Baba Alhaji nake neman ki ba, ni nake son ki, kuma na daɗe. Gidan nan da ke a raina na gina shi. Dubi allon nan. Ɗazu kowa ya ce ya lalace, ga shi tabon yana fita. Naki ma zai fita. Zan yi haƙuri."

Da gaske yake, ta gani a idonsa, kuma ta ji tausayinsa har cikin ranta.

"Hamma, ni ba kantar kicin ba ce."

Goggo ta ture Brahim gefe ta shigo. Kowa ya zaci faɗa za ta ɗora daga inda ta tsaya. Sai ta tsaya gaban Abdelkerim tana ƙare masa kallo, kai a karkace.

"Da gaske ita ke tashinka sahur?"

"Ita ce, Hajiya."

"Ita ke dafawa?"

"Ita ce. Har kunun gyaɗa."

"Hmm." Goggo ta jinjina kai, kamar wadda aka gaya wa farashin da ba ta zata ba. Sai kuma ta tuna da aikin da ya kawo ta, ta gyara lafaya ta ɗaure fuska. "To, ni dai ba wannan aka aiko ni ba. Zenaba, rana na yi. Ga baƙi ga fari. Wanne?"

Abdelkerim ya ajiye samfefa. Brahim ya daina juya makulli.

Zenaba ta dubi allunan biyu. Gaskiya farin ya shiga ranta. Da a wani wuri ne, da wata rana ce, da ba ta yi dogon tunani ba. Ta janye hannunta daga kansa ta ɓoye cikin mayafi.

"Hamma Brahim, ka yi mini alheri, Allah ya saka maka. Gidanka ya yi kyau. Amma ka bari matar da za ta tsaya a kicin ɗin nan ta zo ta zaɓa da kanta. Ni ba zan zaɓa mata ba."

Brahim ya runtse ido. Ya juya ya tsaya a bakin taga.

"Kin san abin da kika faɗa kuwa?" in ji Goggo.

"Na sani, Goggo."

"Kin san ko kin ƙi wannan, ba shi ne an ba ki wancan ba?"

"Na sani."

Waya ta yi ƙara a cikin jakar Goggo. Ta ajiye kaskon, a ƙasa wannan karon, ta lalubo ta. Ta duba sunan, ta dubi Zenaba.

"Ubanki ne. Tun safe ya ƙi fita kasuwa, yana jiran ya ji." Ta miƙa mata. "Ni ba zan kai wannan saƙon ba. Bakin da ya faɗa shi zai maimaita."

Zenaba ta karɓa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ce wa Baba a'a ba, ko a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta kai wayar kunne.

"Yaya Achta, ya ake ciki?" Muryarsa cike da fara'a. "Wanne 'yar tawa ta zaɓa?"

"Baba, ni ce."

"A'a, Zenabata! To, faɗa mini da kanki."

"Baba, ban zaɓi ko ɗaya ba." Ta haɗiye kukan da ya taso mata. "Akwai wata tsohuwa a Rumde Ajiya, mai tattasai. Ban taɓa ganinta ba. Ina roƙon ka ba ni izini in je in gaishe ta."

Ta ƙara manna wayar a kunne. Tana jin numfashinsa. Da ya yi magana, fara'ar ta tafi, kuma bai kira ta Zenabata ba.

"Ke kaɗai za ki?"

Zenaba ta sauke wayar daga kunne. Ta ɗago jajayen idanunta, ba ta ma san wa take kallo ba.

Goggo Achta ta yi tsaki, ta fizge wayar daga hannunta.

"Youssouf, ni ce. Wace irin tambaya ce wannan? 'Yar gidanmu ta taɓa zuwa gidan mutane ita kaɗai? Ni zan kai ta."